Ƙullutu a mama da kwalbar man zaitun: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Ƙanwar mara lafiya, daga wani ƙauye kusa da Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayata ce ta ji ƙullutu a mamanta na hagu tun kafin azumi, kamar ƙwallon dabino, ba ya ciwo. Mijinta ya sayo mata man zaitun daga birni, tana shan cokali ɗaya da safe, tana shafawa da dare. Abin da ke hana ni barci shi ne, sankarar mama ce ta tafi da Innarmu tana da shekara 44, haka ma ƙanwarta. Don Allah wanda ya taɓa ganin irin wannan a gidansu ya faɗa mini gaskiyar abin da ya gani.

Wata uwa daga Gaya:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ni a jikina na gani. Wata bakwai na yi ina shafa zaitun da habbatussauda, kullum da asuba sai in laluba wurin, in ce wa kaina ya ragu. Ashe ba raguwa yake ba, zuciyata ce ke so. Ranar da na ga fatar wurin ta yi ramuka-ramuka kamar ɓawon lemo, kan maman ya shige ciki, ranar na ce wa Malam a kai ni Kano ko da bashi. A Asibitin Malam Aminu Kano suka ɗebi ɗan nama da allura suka auna, aka yi mini kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, gashina ya zube tas, sannan aka cire maman. Yau shekara huɗu, ina daka ina surfe, alhamdu lillahi. Likitan bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi da na zo da wuri, da aikin bai kai haka ba. Har yau ina zuba zaitun a kwaɗon zogale, amma wata bakwai ɗin nan ina jin zafinsu.

Wani malamin Islamiyya daga Gumel:
Albarkar zaitun ba abin musu ba ce, Allah ya ambace shi a Suratun Nur da Suratut Tin, kuma an ruwaito umarnin a ci man a kuma shafa. Amma Annabin da ya faɗi haka, tsira da aminci su tabbata a gare shi, shi ne ya ce mu nemi magani. Matata na kai asibiti da kaina, nata ya zama ƙullutun da ba na daji ba.

Ma'aikaciyar lafiya a karkarar Birnin Kudu:
'Yar uwa, kusan duk wata sai na tarar da mai irin labarin nan, kwalba a jaka. Maganar binciken da ake yaɗawa, wai man zaitun yana rage haɗarin sankarar mama, kuwa tana da tushe. A ƙasar Sifen aka yi shi, sunansa PREDIMED, an fitar da ɓangaren sankarar mama a 2015. Mata fiye da 4,000 ne, masu shekara 60 zuwa 80. Waɗanda aka riƙa ba man zaitun na tatsar farko, wajen lita guda a mako don girkin gida, haɗe da ganye da wake da kifi, cutar ta fi ƙaranci a cikinsu da kusan kashi 68 cikin 100, idan aka kwatanta da waɗanda aka ba shawarar rage maiƙo a abinci. To amma a lura: cikin kusan shekara biyar, mata 35 ne kacal suka kamu gaba ɗaya, shi ya sa masu binciken da kansu suka ce sai an ƙara tabbatarwa. Babban abin kuma, ba su da sankarar mama lokacin da aka fara, kuma ci suka yi a abinci. Ba a gwada shafawa a kan ƙullutun da ya riga ya fito ba.

Zancen Innarku ne ya fi tsaya mini a rai. Akwai ƙwayoyin gado biyu, BRCA1 da BRCA2, aikinsu gyara ɓarnar da ke faruwa a cikin ƙwayar halitta. Idan mace ta gaji mai naƙasa, ta wajen uwa ko ta wajen uba, haɗarinta yana hawa sosai, kuma ciwon kan zo da ƙuruciya. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka fitar a 2018 kan mata a Ibadan ya nuna kusan ɗaya cikin takwas na masu sankarar mama gado ne. Ki faɗa wa likita labarin Inna da ƙanwarta, ke ma a duba ki.

Wani manomi daga yankin Kazaure:
Ni nawa ba na mama ba ne, amma ku ji. Yayana cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa, aka ce sankarar hanta ce, kuma yana da ciwon hanta nau'in B. Bai yi wata uku ba. Likita ya tambaye mu yadda muke ajiye gyaɗa, muka yi mamaki. Mu dai mai kyau muke kaiwa kasuwa, wadda ta yanƙwane, mai ɗaci, da ta yi fumfuna ita ke zama a gida a yi ƙuli. Ashe fumfunar nan tana fitar da guba mai suna aflatoksin, kuma suya ba ta kashe ta. Yanzu a kan leda nake shanya, ba a ƙasa ba, buhuna a kan katako, wadda ta lalace kuma ko kaji ba na ba su. Duk gidanmu mun yi gwajin hanta.

Malamin kimiyya a wata sakandare, Wudil:
Baba, Allah ya jiƙansa. Gubar nan har sawu take bari a cikin ƙari, a ƙwayar gado mai suna TP53, daidai gurbi na 249, an gan shi a masu sankarar hanta a Gambiya da Sin. Idan ta haɗu da ciwon hanta B, haɗarin yana ninkuwa. Ka nemi Aflasafe, maganin rage gubar nan na cibiyar binciken noma ta IITA, ana watsa shi a gona mako biyu zuwa uku kafin fure. Jariri kuma a yi masa allurar rigakafin ciwon hanta B cikin awa 24 da haihuwa.

Ƙanwar mara lafiya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Yaya duka, da na zo kan ɓawon lemo ta yi shiru, ta ɗaga riga ta duba. Mijin ya ce sai an sayar da akuya ranar kasuwa. Ni kuma na ce ga ɗan kunnena. Hajiya ta Gaya, ƙarfe nawa ya kamata mu isa don mu samu kati, kuma ana zuwa da takarda daga asibitin garinmu ne?