Wane suna za mu raɗa wa akwatin da ake ce wa subwoofer?

Mai buɗe zance:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina rubuta wa yaran da nake koya wa gyaran kwamfuta taƙaitaccen bayani da Hausa a kan yadda ake zaɓar kayan sauti na ƙaramin ɗaki, sai aikin ya cije mini a kan kalmomi biyu. Lasifika dai ba ta da gardama, domin ta daɗe da zama 'yar gida, ta samu jam'i, ta samu jinsi, kuma daga masallaci har tashar mota kowa ya san ta. Waɗanda suka tsaya mini su ne abin da Turawa ke ce wa sound card, wato sashen kwamfuta da ke sarrafa sauti, da kuma babban akwatin nan da ake ajiyewa a ƙasa, wato subwoofer. A kasuwa "wufa" muke cewa, amma wufa a bakinmu ta haɗe kome da kome, da akwatin da ƙananan lasifikokin da ke biye da shi, har da rimot. Abin da ya dame ni shi ne sunan da bai faɗi aikin abu ba yakan sa mutum ya sayi abin da ba ya bukata. Na sha ganin ɗalibi mai ɗaki ɗaya ya kwashe kuɗinsa ya sayo ƙaton akwati, ya dawo yana kukan cewa ba ya jin maganar mai karatu sosai, alhali tun farko akwatin ba don magana aka ƙera shi ba.

Ga aikinsa a taƙaice. Kunnen mai ƙuruciya da lafiya yana jin sauti daga girgiza 20 zuwa kusan 20,000 a daƙiƙa guda, kuma wannan ma'auni shi ake rubutawa Hz, daga sunan Bajamushen nan Heinrich Hertz. Ƙananan lasifikokin tebur galibi sukan fara rauni a tsakanin Hz 60 da 80, to abin da ke ƙasa da nan shi ne rabon akwatin. Shi ya sa ake rubuta 2.1 a jikin kwali: lasifika biyu, ta dama da ta hagu, da akwati ɗaya na sautin ƙasa. Shawarata ta farko ita ce mu ce masa "tambari", tunda a gangunanmu babu wanda amonsa ke dukan ƙirji kamarsa.

Wani malamin Hausa:

Wa alaikumus salam. Malam, ka zo da magana mai amfani, kuma na ga hikimar da ke cikin zaɓinka, sai dai tambari ya riga ya ɗauki kaya biyu. Yana nufin gangar sarauta da ake bugawa a fada, yana kuma nufin alamar kamfani ko ta hukuma, kuma a rubutun zamani ma'ana ta biyun ce ta fi yawo. Idan ka rubuta "tambarin kwamfuta", mai karatu zai ɗauka hoton tuffar da ke bayan kwamfutar Apple kake nufi. Ban ga dalilin da za mu ɗora masa kaya na uku ba.

Yana da kyau mu duba yadda masu kalmar suka gina ta. Woofer, lasifikar da ke fitar da sauti mai kauri, daga kwaikwayon haushin kare suka samo ta, kamar yadda tweeter, 'yar ƙaramar da ke fitar da siririn sauti, ta fito daga kukan tsuntsu. Shi kuwa sub ma'anarsa "ƙarƙashi", wato abin da ke sauka ƙasa da inda woofer ta tsaya. Ba ƙanƙanta yake nufi ba, don haka wanda ya fassara da "ƙaramar wufa" ya kauce. Tunda su ma da kunne suka raɗa sunan, mu ma mu bi kunnenmu. Hausa tana cewa murya mai kauri da siririyar murya, tana da gurnani, tana da ruri, tana da rugugi. Gurnani da ruri na masu rai ne, zaki da sa. Ni "lasifikar rugugi" nake gani, domin rugugin hadari shi ne sautin da ake ji a jiki kafin a tantance daga ina ya taso, kuma haka sautin ƙasa yake.

Wani dattijo mai gyaran rediyo da amfilifaya:

Malam, Allah ya ƙara sani. Ni ba malamin harshe ba ne, amma na tsufa a cikin wayoyi, kuma ina roƙon kada a sa wa akwatin nan suna rugugi, saboda a wurinmu rugugi shi ne cutar, ba aikin ba. Bari in yi bayani da lissafi. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Idan ka raba 343 da ninkin tsawon ɗaki, za ka samu sautin da ɗakin zai riƙa kumburawa da kansa, saboda yana dukan bango yana dawowa yana hawa kan ɗan'uwansa. Ɗaki mai faɗin mita 3 yana kumbura Hz 57, mai tsawon mita 3 da rabi kuma Hz 49. Ɗakunan haya da muke ciki kusan duka haka suke, ga bangon bulo da siminti, ga tayil a ƙasa, babu abin da ke shanye amo. Idan kuwa tsawo da faɗi da tashin rufi suka zo kusan ɗaya, to kumburin ya haɗu a wuri guda, abin ya ƙara muni.

Sakamakon shi ne za ka zauna a jikin bango ka ji kanka yana ɗaukar zafi, taga tana kaɗawa, kwanon rufi yana amsawa, amma ka matsa tsakiyar ɗaki ka ji sautin ya ɓace kamar an zare waya. Wannan shi ne rugugi, kuma shi ne abin da muke kwana muna yaƙi da shi. Akwatin da aka saita daidai bai kamata ka san yana nan ba sai an kashe shi, ka ji kiɗan ya rame. Idan yarana suka karanta cewa sunan abin "lasifikar rugugi", za su murɗa maɓallin har ƙarshe su ce ai aikinsa ke nan. Kalmar da nake ji a bakin mutane idan babbar mota ta tsaya a ƙofar gida, injinta yana aiki a hankali, ƙasa tana amsawa, ita ce diri. Diri yana da nauyi, yana da daidaito, ba ya firgita kowa.

Malamin Hausa:

Baba, na karɓi gyara, kuma na gode. Abin da ka faɗa ya fi nawa ƙarfi, domin ka raba kalmomin gida biyu a inda ni na cakuɗa su. Muna cewa dirin mota, dirin jirgi, kuma duk sauti ne mai kauri da ke tafiya ba yankewa. Ta fuskar ginin kalma ma "lasifikar diri" ta zauna daidai, gajera ce, jam'inta "lasifikokin diri", kuma tana karɓar aikatau ba tare da wahala ba: a rage diri, a ƙara diri, dirin ya yi yawa. Rugugi sai mu bar shi ga aibin da ɗaki ke jawowa, mu ce ɗakin nan yana da rugugi. Da haka Hausa ta samu kalma biyu masu iyaka a sarari.

Wani ɗan'uwa daga Maraɗi:

Malamai, mu a nan da Faransanci abin ya zo mana. Bafaranshe yana cewa caisson de basses, wato akwatin sautin ƙasa, yana kuma cewa carte son. Kalmar wufa ba kowa zai gane ta a wajenmu ba, amma diri kowa ya san shi, don haka ina goyon baya. Saura ɗayar kalmar, kada a manta da ita.

Mai buɗe zance:

Ɗan'uwa, ban manta ba. A nan ina ganin "katin sauti" ba zai yi mana daɗewa ba, duk da shi ne fassarar da ta fi saurin zuwa baki. Kati a wurin Bahaushen yau na waya ne ko na banki ko na zaɓe. Sannan shi kansa abin ya daina zama kati a mafi yawan kwamfutoci. A zamanin da kamfanin Creative ya fito da Sound Blaster a 1989, allo ne da ake buɗe kwamfuta a soka shi a gurbinsa. Yau kuwa ɗan ƙwayar lantarki ne da ke manne a babban allon kwamfuta, sau da yawa ƙirar kamfanin Realtek, ko kuma ɗan akwati da ake jonawa ta USB. Aikin dai ɗaya ne: mayar da lambobin da ke cikin kwamfuta su zama wutar da lasifika za ta iya kaɗawa, da kuma akasin haka idan ana ɗaukar murya. Ina ba da shawarar "masarrafin sauti", bisa ƙirar mabuɗi da matsefi, sai mu ce na ciki ko na waje. Idan babu mai ja, zan rubuta haka.

A cikin bayanin zan gaya wa yaran gaskiya cewa mai ƙaramin ɗaki ba kasafai yake bukatar sayen masarrafin waje ba. Na ciki ya isa, sai fa idan ana jin tsaki ko ƙara a lasifika lokacin da kwamfuta ke aiki, ko mutum yana ɗaukar karatu ko waƙa da makirufo mai kyau. Gunjin nan mai kauri da ba ya yankewa kuwa yawanci daga wuta yake, tunda wutar Najeriya da ta Nijar duka Hz 50 ce, kuma a duba waya da soket kafin a zargi na'ura. Abin lura shi ne Hz 50 ɗin yana dab da 49 da Baba ya lissafa, wato ɗaki mai mita 3 da rabi zai ƙara kumbura wannan gunji.

Dattijo mai gyara:

To, ɗana, tunda an tsayar da suna, ka ƙara musu waɗannan a takardar. Kuɗin da ke hannu a fara zuba shi a lasifika biyu masu kyau, masu faifai inci 4 ko 5, a ɗora su daidai tsayin kunne, nisan da ke tsakaninsu ya yi daidai da nisan kowace zuwa kan mai zama. Wanda abin da yake saurare karatun Alƙur'ani ne da wa'azi da labarai, nan ya gama sayayya, domin muryar namiji ma ba ta cika sauka ƙasa da Hz 85 ba. Mai kallon fim ko wasan kwamfuta ko haɗa kiɗa shi ne zai nemi lasifikar diri, kuma inci 6 zuwa 8 ya wadatar da irin ɗakunanmu. Kada lambobin PMPO, wato ƙarfin da aka ce na'ura na kaiwa na ɗan ƙiftawar ido, da ake bugawa da manyan baƙaƙe a kwali su ruɗe su. Watt na RMS za su nema, shi ne ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa.

Idan akwatin yana da maɓallin raba sauti tsakaninsa da ƙananan lasifikokin, a fara da Hz 80, wanda shi ne ma'aunin THX, kamfanin da ke tsara ƙa'idojin sautin silima, saboda ƙasa da nan kunne ba ya gane inda sauti ke fitowa. Kada a cusa shi a lungu, don kusurwa tana ƙara rugugi. Dabarar da nake yi ita ce in ɗora akwatin a kan kujerar da mai ɗaki zai zauna, in kunna kiɗa mai diri, in bi gefen bango a durƙushe ina saurare; inda na ji dirin ya fito sumul ba kumburi, nan ne mazauninsa. Daga nan sai a shimfiɗa darduma, a rataya labule mai kauri don su shanye amsa-kuwwar tayil da bango, a sa ɗan roba a ƙarƙashin akwatin saboda maƙwabcin da kuke bango ɗaya da shi, sannan a rage maɓallin diri har sai maganar mai magana ta fito tar.