Littafin aikin jirgin ruwan Baba ya manne, ta yaya zan buɗe shi?

Assalamu alaikum. Daga Yelwan Yauri nake.

Muna so mu rubuta tarihin mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, don jikokin da ba su san shi ba. Ya yi soja a yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, bayan sallama kuma ya shiga aikin jiragen ruwan kamfanin Nigerian National Shipping Line, tsakanin Apapa da Ingila. Mu dai tsarabarsa muka sani, da kuɗin makarantar da ba su taɓa makara ba. Shi bai cika ba da labari ba.

Littafinsa na ma'aikacin jirgi ne kaɗai ke ɗauke da sunayen jiragen da ranakun hawa da sauka, da hatimin kyaftin. Ambaliyar 2020 ta jiƙa akwatin da littafin yake ciki, ya bushe a rufe. Yanzu shafukan tsakiya sun dunƙule kamar katako, gefensu da baƙar fumfuna, shuɗin tawada ya nashe.

Na sa wuƙa siririya a kusurwa, fatar takardar ta ɓare da rubutun. Na gwada tururi kan shafin ƙarshe, tawadar ta ƙara gudu. Mai hoto a Birnin Kebbi ya ce sai an buɗe zai iya ɗauka. Kamfanin kuwa an rushe shi tun 1995, ba inda zan nemi kwafi. Hajiyarmu ta tuna ana kiran wasu jiragen da sunayen koguna, amma shekarun sun kwance mata.

Don Allah, wace hanya ake bi a raba shafukan da ruwa ya manne ba tare da rubutun ya lalace ba?