Me ya sa mashigin Tourmalet ya fi sauran suna a tseren keke?

Ɗan Keke ya rubuta:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da na fara bin gasar Tour de France nake lura cewa masu sharhi suna ambaton Col du Tourmalet, wata hanya da ta ratsa saman tsaunukan Pyrenees a Faransa, da wata irin girmamawa, alhali tsayinsa mita 2,115 ne kawai, ga mashigin Galibier mai mita 2,642, ga kuma Iseran wanda ya fi su duka biyun. To me ya ba Tourmalet wannan matsayi?

Malam Habu ya amsa:
Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, tarihi ne ya ba shi, ba tsayi ba. A shekarar 1910 aka fara shigar da manyan tsaunukan Pyrenees cikin gasar, a wani zango mai kilomita 326 daga Luchon zuwa Bayonne, wanda ya ratsa Peyresourde da Aspin da Tourmalet da Aubisque a wuni guda. A lokacin hanyar ba ta da kwalta, kekuna kuma ba su da tarin giyar da ake da ita yanzu, har Octave Lapize, wanda ya fara isa ƙololuwar kuma ya lashe gasar shekarar, sai da ya sauka ya tura kekensa a wasu wurare. Daga nan zuwa yau an bi ta wurin fiye da sau 80, babu wani mashigin da gasar ta yawaita bi kamarsa.

Labarin da ya fi zama a zukatan Faransawa shi ne na Eugène Christophe a 1913. Ƙarfen da ke riƙe tayarsa ta gaba ya karye yana gangarowa, ya saɓi keken a kafaɗa har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera ya gyara da hannunsa domin doka ta hana a taimaka wa ɗan tsere. Duk da haka sai da aka hore shi, saboda wani yaro ya zuga masa wuta.

Hajiya Bilki ta ƙara da cewa:
Malam Habu ya yi gaskiya, amma kada a raina hawan kansa. Daga Luz-Saint-Sauveur kilomita 19 ne, hanyar kuma tana tashi kimanin mita 7 a kowace mita 100, babu wurin hutawa na kirki. A irin wannan hawa gudu yana raguwa, saboda haka fakewa bayan abokan tsere don kauce wa iska ba ya yin amfani kamar yadda yake yi a shimfiɗaɗɗiyar hanya, kowa ƙarfinsa ne zai fisshe shi. A kan Tourmalet ne, amma ta ɓangaren Sainte-Marie-de-Campan, Demi Vollering ta tsere wa sauran cikin hazo a gasar mata ta 2023, ta karɓi rigar jagora, kuma ita ce ta lashe gasar.

Baban Sadiya ya ce:
Ni ina da ɗan ja. Sau da yawa ana sanya Tourmalet a tsakiyar zango, da sauran tafiya mai nisa kafin a kai ƙarshe, don haka manyan 'yan tsere sukan yi tattalin ƙarfinsu. Ko a 2010 da aka ƙare zango a samansa, Andy Schleck ya yi nasara amma Alberto Contador yana manne da tayarsa, tazarar da ke tsakaninsu a jimillar lokacin gasar ba ta motsa ba.

Malam Habu ya sake amsawa:
Haka ne Baban Sadiya, sai dai ka tuna 1969. Eddy Merckx ya ɓalle daga saman Tourmalet alhali tuni yana jagorantar gasar, ya yi tafiyar kusan kilomita 140 shi kaɗai har Mourenx, ya isa da ratar kusan minti 8.