Taƙaitawar tattaunawa kan yadda ake tsayar da zubar jini daga mafitsara ta hanyar wanke ta da ruwan alimun

1. Kusan kowa ya ce a fara gano musabbabi: tsargiya, ciwon daji, gashin da ake yi wa masu ciwon daji (radiotherapy), ko maganin ciwon daji mai suna cyclophosphamide.

2. Sai an sa robar fitsari an wanke gudajin jini tas da ruwan gishiri, kafin a zuba ruwan alimun kashi 1 cikin 100 cikin mafitsara, a asibiti, ba na kasuwa ba.

3. Mai ciwon ƙoda kam a yi hattara, aluminiyam da ke cikin alimun na taruwa a jini.

4. Kan fomalin, wani sinadari da shi ma ake zubawa cikin mafitsara, aka rabu. Wasu sun ce yana tsayar da jinin da ya gagara. Wasu suka ce yana ƙanƙance mafitsara, ga zafi, sai an sa barci. Ni dai ina tare da masu barin sa ƙarshe.