Na samu tsohon akwatin kifi, zai yiwu in yi kiwon kifin teku a Kaduna?

Sadiq_Kawo:
Salam 'yan uwa. Na sayi akwatin gilas na kifin ado hannun wani maƙwabcinmu da zai tashi, lita 200 ne, ya daɗe a sito duk farin dattin ruwa ya bushe a jikinsa, silikon ɗin kusurwa ɗaya ma ya fara ɓarewa. Ni dai burina kifin teku masu kalar nan ba irin na kogi ba. Dan Allah ta ina zan fara? Gishirin girki zai yi ko sai na musamman?

Baban_Hanifa:
Wa alaikassalam ƙanina. Ajiye maganar kifi tukun, akwatin za ka fara gyarawa. Farin dattin nan ruwan khal ne maganinsa, ka jiƙa tsumma ka manna a wajen ya ɗan jima sai ka goge, kar omo ko sabulu su taɓa shi. Silikon kuma sabo ba ya kama tsoho, sai ka sa reza ka kankare na ciki duka sannan ka shafa sabo, kuma ka duba jikin kwalin kar ka ɗauko irin na banɗaki mai maganin fumfuna, guba ne ga kifi. Ka bar shi ya bushe kamar sati, ka cika shi da ruwa a tsakar gida da jarida a ƙarƙashi, in akwai yoyo jaridar za ta nuna maka. Teburi ma abin lura ne, ruwa lita 200 ya kai kilo 200 ban da duwatsu da yashi, gara ka je Panteka a haɗa maka na ƙarfe a yi masa fenti sosai don ruwan gishiri na cin ƙarfe. Ka tambayi mai akwatin ko ya taɓa zuba maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe (copper), yana kashe jatan lande da murjani.

Anti_Zee:
Gishirin girki kam a'a wlh. Akwai gishirin da ake haɗawa musamman don wannan, galibi daga Legas ake turo shi, kusan giram 35 a duk lita ɗaya, kuma sai da abin awon gishirin ruwa, ka tsaya in ya nuna wajen 1.025. Ruwan famfo akwai kulorin, na burtsatse ba ka san me ke ciki ba, ka nemi tatacce na injin RO, wato injin tace ruwa mai cire sinadaran da suka narke a ciki. Sannan haƙuri, akwatin zai yi sati 4 zuwa 6 yana aiki ba kifi ko ɗaya har ƙwayoyin da ke cinye amoniya (gubar da ke fitowa daga kashin kifi) su hayayyafa, sai awo ya nuna amoniya da nitirayit (wata gubar da amoniyar ke komawa) sifili ka sa kifi biyu ƙanana. In ruwa ya ragu kar ka ƙara ruwa mai gishiri, ruwan ne kawai ke tashi gishirin na nan, musamman da hunturu.

Injiniya_Rigasa:
Duk sun faɗi gaskiya amma ni tsorona wuta. Kifin nan ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 27 na Celsius suke so, ka tuna zafin Maris da Afrilu a garin nan, ɗaki ya ɗau zafi ga an ɗauke wuta famfon ya tsaya iska ta ƙare a ruwan, kafin asuba an yi asara. In ba ka da inbata ko sola da zai riƙe famfo da 'yar fanka a saman ruwa dare da rana, ni shawarata ka fara da kifin ruwan daɗi ko na shekara ɗaya ne hannunka ya faɗa.

Sadiq_Kawo:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Sola muna da shi a gida, gobe in sha Allah zan fara kankare silikon ɗin. Anti, abin awon gishirin wanne ya fi, na roba mai allura ko wanda ake leƙawa?

Anti_Zee:
Wanda ake leƙawa, na allurar in kumfa ta maƙale masa sai ya ba ka lamba ba daidai ba.