Neman shawara: wai a hana Baba cin mai saboda ciwon dajin baki?

Ɗan Zango:
Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah ina neman shawara. Babanmu ne aka yi ma biyopsi (aka ɗebi ɗan nama aka gwada) a gefen harshe aka ce ciwon daji ne, dama ya jima yana cin taba gari da kanwa. Yanzu ya rame sosai har wando baya zama a ƙugunsa, ga shi analiz na jini ya nuna kolesterol ɗinsa (wani irin kitse dake cikin jini) ya yi ƙasa, sai wata gwaggonmu ta turo vokal a WhatsApp wai mai ne abincin ciwon, a daina sa masa manja da man shanu kwata kwata. To mu dai mun rikice, a hana ko a bari?

Maman Ummi:
Allah ya ba Baba lafiya. Ni dai ban ga dalilin hana mutumin da ko fura da ƙyar yake haɗiya ba, wannan ai ƙara masa wahala ne.

Majo Birni:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa kar ku hana shi. Maganar gwaggo tana da tushe amma an juya ta. A 2017 masu bincike a Basalona ta ƙasar Sipaniya sun nuna cewa wasu ƙwayoyin ciwon dajin baki suna da wata ƙofa da ake kira CD36 da suke jan kitse da ita, kuma irin kitsen dake cikin manja ya sa ciwon ya fi yaɗuwa, amma fa a jikin ɓeraye aka gwada, ba a ce a ɗauke ma mara lafiya mai ba. Kuma ko kun hana, ƙwayoyin nan suna haɗa nasu kitsen da kansu daga sukari, akwai wani anzim (sinadarin da ke hanzarta aiki a cikin jiki) mai suna FASN da yake ƙaruwa a cikin naman ciwon fiye da naman lafiya, da shi suke gina fatar sabbin ƙwayoyi tunda haihuwa suke ba tsayawa. Ramar kuma ba rashin ci kaɗai ba ne, ciwon yana tada wasu anzim masu narkar da kitsen jiki, har tsoka ma tana tafiya, shi ya sa zaka ga mutum yana ci amma yana zubewa. Kolesterol da ya sauka ana ganin haka ga masu irin wannan ciwon, ba abin murna ba ne kuma ba shi ake magani ba.

Ɗan Zango:
Majo na gode Allah ya saka. To me zamu riƙa ba shi, tuwo ya gagara.

Majo Birni:
Kunun gyaɗa da madara, fura mai laushi, ƙwai, romon nama, a zuba man gyaɗa kaɗan, kaɗan kaɗan sau da yawa a wuni. Ban da yaji da tsami da abu mai zafi sosai, suna ƙona gyambon. Taba kuma a raba shi da ita ko zai yi faɗa, tsofaffin nan sai da dabara. Ku auna kilonsa duk sati ku rubuta ku nuna ma likita.

Hajiya Garin Malam:
Kuma ku tambayi likitan tun yanzu ko zai tura ku Yamai, can ne ake gashin radiyoterapi a cibiyar yaƙi da ciwon daji, daga Damagaram tafiyar kusan kilomita 900 ce sai da shiri, ku fara neman masauki da kuɗin mota. Kar ku tsaya masu jiƙe jiƙe su cinye muku lokaci.