Yaya ƙwaƙwalwa ke cike gurbi idan an cire ƙwayar gadon makarɓin GABA?

Jama'a, masana ƙwaƙwalwa, a taimaka mini. Ina rubuta babin nazari kan makarɓin GABA-A, wato furotin mai ɓangarori daban-daban (irin su alfa, gama da delta) da ke karɓar sinadarin GABA ya taka wa jijiyoyin ƙwaƙwalwa birki, kuma na cije a wuri guda.

Ɓerayen da aka cire musu ƙwayar gadon ɓangaren alfa-1 suna rasa fiye da rabin waɗannan makarɓai, amma suna rayuwa, har su hayayyafa, sai 'yar karkarwa. Furotin alfa-2 da alfa-3 kan ƙaru, kuma saƙon birkin kan daɗe kafin ya dushe. Wannan na gane. Amma idan gama-2 aka cire, yawancinsu kan mutu jim kaɗan bayan haihuwa. Me ya sa wancan gurbin ke cikuwa, wannan kuwa ya ƙi?

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne alfa-6 a ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya. Idan ya tafi, ɓangaren delta ma sai ya bi shi, birkin dindindin, wato wanda ke aiki ba tsayawa, ya ɓace, amma ƙwayoyin jijiyar wurin sai su ƙara ƙofofin fotasiyam irin TASK-1, su ci gaba da aiki kusan yadda suka saba. Ƙofar da ba ta da alaƙa da GABA ko kaɗan! To me ƙwayar ke aunawa? Yawan saƙon lantarkin da take harbawa, ko sinadarin kalsiyam da ke cikinta?

A ganina, cirewa tun kafin a haifi ɓeran na ɓoye ainihin aikin makarɓin. Akwai wanda ya gwada cirewa bayan ɓeran ya girma? Cikon ya zo daidai da wancan?